Hotuna Biyar Daga Bayan Raga

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa, ina ƙara maka da ta wanda ya koyi sana'a a hannunka. Yaya jikin, yaya gwiwar, yaya shago? Na san tun da kunnen ya yi nauyi ka daina ɗaga waya, ka ce duk mai magana da kai ya sa a takarda. To ga ni na sa.

Shawara nake nema. Na ɗan tara abin da na tara, kuma ba zai ɗauki abu biyu ba. Ko dai in sauya uwar kyamarar, wato gangar jikinta, ko in bar ta in sayi dogon lens, irin mai jawo abu daga nesa. Uwar kyamarar nan shekararta tara a hannuna. Kafin ta kama abu mai gudu ya riga ya wuce, kuma hoto biyar take ɗauka a daƙiƙa, alhali na yanzu suna yin ashirin. In hadari ya haɗo kuwa, sai hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Shi kuma lens ɗin da nake da shi iyakar tsawonsa milimita ɗari biyu. Mutum yana fitowa ɗan mitsitsi, in na yanko shi a kwamfuta na ƙara masa girma sai fuskar ta dagule.

Mai shagon da nake sayayya a wurinsa ya ce uwar kyamara. Abokin aikina da muke ɗaukar taruka tare ya rantse lens ne. Na yi ta karatu a intanet har idona ya yi ja, rabi sun ce wannan, rabi sun ce wancan, kowa kuma yana zagin kowa. Shi ya sa na ce bari in koma wurin mai abin.

Na sa hotuna biyar a ambulan, na wanke su a takarda don na san ba ka duba hoto a allo. Tseren tsallake shinge ne na 'yan makaranta. Saura mako shida a yi na ƙarshe, kuma ina so in samu hoto ɗaya mai kyau. Ɗaya tak, Kawu, ba na neman ƙari.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Mai Hoto Ƙarami

*

Ƙarami,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Shago kuwa ni da ƙudaje muke gadinsa.

Ina cikin cin abinci na buɗe ambulan ɗinka, abincin ya fita a raina. Shekara goma sha ɗaya ka yi a shagon nan, na koya maka haske, na koya maka inuwa, na koya maka inda mutum ke tsayawa, sannan ka turo min wannan ƙazantar? Da wani ne ya kawo ya ce aikinka ne, da na ce masa maƙaryaci.

Na ɗauko gilashin ƙara girma, na zauna bakin taga na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗora wa kyamara laifi, ita kuwa baiwar Allah abin da ka nuna mata ta kama. Duk biyar ɗin akwai wasu layuka dishi-dishi sun giggitta. Ragar waya ce. Ita kyamarar take kamawa domin ita ce a bakin hancinta. Sannan rana tana dukan fuskarka, abin da ko ɗan koyon mako biyu ba zai yarda da shi ba in yana da zaɓi. A kusurwar hoto na huɗu kuma ga ledoji da gwangwanaye. Wato a bayan fili kake, gefen da ake zuba shara, ka hau kan wani abu kana leƙe.

Mai ɗaukar wasanni ta ƙofa yake shiga, da kati a wuya, ya durƙusa a bakin layi. Kai me ya kai ka bola?

Abin da ya fi tayar min da zuciya ban ma faɗa ba tukuna. Masu gudu takwas ne, amma duk hotunan yarinya ɗaya ce a tsakiya, doguwar nan mai lamba talatin da ɗaya. Fuskar ba ta fito ba, Allah ya rufa mata asiri da rashin iyawarka. Magidanci kamarka, da furfura a gemu, ya laɓe a bayan shara yana ɗaukar 'yar mutane, har yana neman abin da zai ƙara jawo masa ita kusa! Tir! Da 'yar'uwata tana raye ta ga wannan, da baƙin ciki ya sake kashe ta.

Don kada ka ce na yi maka rowar ilimi, amsar tambayarka lens ne. In dogo ne, ka buɗe shi gaba ɗaya ka manna bakinsa a jikin ragar, ragar za ta narke ta ɓace, uwar kyamarar kuma za ta ishe ka wasu shekaru. Na faɗa ne don bakina ba ya iya riƙe maganar sana'a. Amma in ka saya kafin ka gaya min 'yar wace ce, kada ka ƙara kirana Kawu.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Kawunka

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na karanta wasiƙarka.

Sauro ce, Kawu. 'Yata, jikarka, wadda kai da kanka ka laƙa wa sunan saboda siraran ƙafafunta. Shekararta goma sha takwas yanzu, ta fi ni tsawo.

Ka san mun rabu da uwarta shekara takwas da suka wuce, na ce maka zama ne ya ƙi. Ban gaya maka mafarin ba, ko da yake mafarin yana rataye a bangon shagonka, sama da teburin yankan hoto. Ka san shi, hoton da ta faɗi, wanda jarida ta buga har aka ba ni kyauta.

Ga abin da ba ka sani ba. Ranar nan ina durƙushe a bakin layi da katina. Tseren shingenta na farko ke nan, tana 'yar shekara goma. A shinge na shida ƙafarta ta harɗe, ta faɗi taku uku daga inda nake. Na ji ƙarar hannun da kunnena. Ta ɗago, baki duk ƙasa, ta miƙo min hannun mai lafiya tana cewa Baba, Baba. Ni kuwa na danna. Na sake dannawa. Har na matsa hagu kaɗan don haske ya zauna a fuskarta. Wata malama ce ta tsallake ni ta ɗauke ta.

Da hoton ya fito a jarida, 'yan ajinsu suka yanko shi suka liƙa mata a tebur. In ta shigo sai su miƙa hannu suna Baba, Baba. Uwarta ta ɗauki katin kyamarar ta sa a kwamfuta, ta tarar ba hoto ɗaya ba ne, goma sha huɗu ne a jere. Ta kira ni ta nuna min su ɗaya bayan ɗaya. Ba mu ƙara wata uku tare ba. Ita kuma Sauro, hannu a ɗaure, ta ce min, “Kada ka sake ɗaukata.” Tun daga ranar in na je ganinta sai ta shige ɗaki, har na gaji na daina zuwa.

Ba ina kare kaina ba ne, amma kai ka koya min. Ranar da na sauke kyamara don in tare wata tsohuwa da ta zame a wurin taro, ka murɗe min kunne a gaban mutane. Ka ce mai hoto ba ya cire ido daga kyamara ko da rufin ɗaki ne yake faɗowa, domin masu ɗaga wanda ya faɗi suna da yawa. Na riƙe maganar har ta shige min yatsa.

Ta samu gurbin karatu a nesa, bayan wannan tseren za ta tafi. Duniya ta san 'yata ne a kwance cikin ƙasa. So nake in ba ta hoto ɗaya tana sama, ta tsallake, wanda zai goge wancan. Shi ne kawai abin da na iya, Kawu.

Allah ya huci zuciyarka.

Ƙarami

*

Tsohona,

Assalamu alaikum. Ina gaida tsoho mai ran ƙarfe. Wasiƙarka ta iso, ni da Umma muka haɗa kai muna ta faman karanta rubutun nan naka, kamar kaji sun bi ta kan takardar. Ka ce ba ka gane ni a hoto ba. Ai dole, wanda ya shekara takwas bai leƙo jikarsa ba. Gwiwa ce ko rowar kuɗin mota?

Ka ce za ka gaya min wani sirri, wai Baba yana zuwa kallona a ɓoye. Tsoho, wane irin ɓoye? Kaf ƙungiyarmu ba wadda ba ta san shi ba. Kan wani mataccen firji da aka yar a bola yake hawa, rana tana dukan gilashinsa yana ta walƙiya. Shekara biyu ke nan. Sau biyu kocinmu tana cewa za ta kira 'yan sanda, ni na hana. Ban ce ubana ne ba. Cewa na yi mai taɓin hankali ne na unguwarmu, ba ya cutar da kowa. Allah ya yafe min.

Ka ce yana so ya goge wancan hoton da wani. Ni wallahi abin har ƙyama yake ba ni. Hannun ya warke, masu tsokanata kowa ya kama gabansa. Abin da ya ƙi fita a raina shi ne, da na kira shi ban ga fuskarsa ba. Wani baƙin gilashi na gani, da yatsa yana motsi. Har yau in aka ce Baba, hula nake gani da kyamara a ƙarƙashinta. Sai na yi da gaske nake tuna yadda idonsa yake.

Kuma ni ban taɓa cewa kada ya zo ba. Cewa na yi kada ya ɗauke ni. Ɗakin da nake shigewa ma, ai da jakar kyamara a kafaɗa yake sallama.

An ba kowace mai gudu tikiti biyu. Ɗaya na Umma ne, na kuma tambaye ta, ta ce ba ruwanta, in ba wanda na ga dama. Ga ɗayan nan na sa maka. Layi na uku, kujera ta goma sha huɗu, daidai inda ake gama tsere. Ka aika masa. Ya zo hannu rabbana, ko wayar aljihu kada ya ɗaga. Ya zauna ya kalle ni da idon da Allah ya ba shi, in na faɗi ya taso. Iyakar abin da nake so ke nan, kuma sau ɗaya zan roƙa, domin washegari zan tafi.

Motarmu ta garinku za ta bi. Ka tanadar min tsaraba, kada ka ce ba a gaya maka ba.

Jikarka,
Sauro

*

Ƙarami,

Ina amsa gaisuwarka. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ka yafe min. Abin da ka yi ɗin ma bai fi shi daɗin ji ba.

Na hau kujera da gwiwar nan na sauko da hoton. Shekara takwas duk wanda ya shigo shagon nan sai na ja shi gabansa. Dubi ƙurar nan, dubi yadda haske ya zauna, dubi hannun nan yadda ya raba hoton biyu, yarona ne ya ɗauka. Hannun nan na fi yabo! Ko sau ɗaya ban tambayi kaina wa take miƙa wa ba. Jikata tana kuka a bangona, ni ina tallar haske. Na kifa shi a ƙarƙashin tebur, na wanke hannuna har sau biyu, amma ƙyamar kaina ba ta sake ni ba.

Maganar da ka ce na koya maka, ni na faɗa, ban musa ba. Maganar banza ce, na tofar da ita. Sai dai kada ka ɓuya a bayana. Ni kunnenka na murɗe, ban riƙe maka ƙafa ba.

Na rubuta wa Sauro ba da saninka ba, ga amsarta nan na haɗo maka, da tikitin. Ka karanta inda ta ce mai taɓin hankali, ka sake karantawa. Wannan shi ne sunan da 'yarka ta ga ya fi sauƙin faɗa a kan ta ce ubana ne.

Yanzu ga shawarar da ka nema, ta gaskiya. Na janye maganar lens, na yi da-na-sanin buɗe bakina. Kada ka sayi lens, kada ka sayi uwar kyamara, kada ka sayi ko murfi. Ranar nan ka kulle jakar a kabad, ka ba maƙwabcinka makullin. Ka yi aski, ka sa kaya masu tsabta, ka shiga ta ƙofa kamar mutum. Na san hannunka zai yi ta ƙaiƙayi. Ka zauna a kansa.

Yarinyar nan ta buɗe maka ƙofar da ni da nake tsoho ban tabbata zan iya buɗewa ba. Ka rubuto min bayan tseren.

Allah ya shirye mu, ni da kai.

Kawunka

*

Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Albishirinka, Sauro ta zo ta ɗaya!

Kafin ka yi faɗa ka ji ni. Lokacin da wasiƙarka ta biyu ta iso na riga na sayi lens ɗin, mai milimita ɗari shida, kuma mai shago ba ya karɓar abin da aka buɗe. Duk da haka na yi niyyar bin maganarka. Na yi aski, na sa farar riga, tikiti yana aljihuna. Jakar kawai na sa a bayan mota, don kada a bar ta a gida ba kowa.

Da na isa sai na ji ashe sau biyu za su yi gudu, na share fage sannan na ƙarshe. Na ce to, bari in gwada lens ɗin a na farko daga wurin da na saba, sannan in mayar da shi mota in shiga in zauna. Ba wanda zai sani. Na manna shi a jikin ragar yadda ka ce. Kawu, ka yi gaskiya, ragar ta narke kamar ba a taɓa kafa ta ba! Sai dai a gudun farko hadari ya rufe rana, hotunan suka yi duhu. Ina shirin sauka sai gari ya washe, wani haske ya zubo a kan layin, irin wanda mutum ke shekara bai samu ba. Ana cikin haka na ji an kira su na ƙarshe. Daga bolar zuwa ƙofa zagaye ne mai nisa, ko na ruga ba lalle in isa ba. Na ce in rasa duka biyun? Sai na tsaya.

Ga hoton nan, ka duba da gilashinka. Ta gama tsallake layi ke nan, ta juyo wajen 'yan kallo tana haki. Ana iya ƙirga gashin idonta. Ban san me ya sa ba ta yi dariya ba, wataƙila gajiya ce. Da na kai kayan mota na zagayo, mutane sun cika ƙofa, ban same ta ita da uwarta ba.

Ka aika mata, ka ce daga ni. In ta gan shi za ta gane abin da nake nufi.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Lokacin da take sama a shingen ƙarshe ya kuɓuce min, ya faɗa tsakanin hoto biyu. Ba ka ganin da sabuwar uwar kyamara ce, mai ashirin a daƙiƙa, da na same shi?

Ina jiran amsarka.

Ɗanka,
Ƙarami

*

Ƙarami,

Na amsa gaisuwa.

Na duba hoton. Ba shi da aibu ko ɗaya, ni ban taɓa ɗaukar kamarsa ba. Ba gajiya ba ce. Kujerarka take kallo.

Ta biyo ta nan a hanyarta, ta yi awa guda. Ta ce tun kafin a tashe su ta ga walƙiyar daga bola, amma ta ce wa ranta wataƙila kwalba ce, shi ya sa ta juya ta duba. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi.

Batun uwar kyamara, ka tambayi mai shago.

Ta bar min adireshinta, ta ce in ka tambaya in ce ban sani ba. Ni kuma ba na ƙarya, don haka kada ka tambaya.

Ga hotonka nan na mayar maka. Ka huta lafiya.

Kawu